Shin ƙwayoyin da ke cikin kindirmo da yogot suna ƙara garkuwar jiki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Yarana uku ne, kuma da wuya wata ya wuce ba a samu wanda ya yi mura ko gudawa ba. Wata ƙawata ta ce in riƙa ba su yogot kullum, wai akwai ƙwayoyi masu rai a ciki da ke ƙara garkuwar jiki. Gaskiya ne? Kuma kindirmon da muke saye wurin Fulani ya wadatar, ko sai na kanti?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ƙara wa yaran lafiya, ya raya miki su.

Maganar ƙawarki akwai gaskiya a cikinta, sai dai an ƙara mata gishiri kafin ta iso gare ki. Ƙwayoyin suna nan, da ransu muddin ba a kashe su da wuta ba, kuma tabbas suna taɓa garkuwar jiki. Amma tasirinsu ɗan madaidaici ne, ya danganta da irin ƙwayar da aka sha, kuma da zarar an daina sha yakan dushe. Ni a wurina, abin da ya fi muhimmanci ga lafiyar yaranki a wannan sha'ani shi ne ko an tafasa madarar kafin a kwantar da ita. Zan zo kan wannan, bari mu fara daga ƙwarya.

Madara tana da nata sukari, ana ce masa laktos. Idan Bafulatana ta tafasa madara ta bar ta ta huce, ta zuba ɗan kindirmon jiya a ciki ta rufe da faifai, abin da ta yi shi ne shuka bakteriya. Cikin dare waɗannan ƙwayoyi za su ci laktos ɗin su mai da shi asid, asid ɗin ya sa furotin ɗin madarar ya daskare, da safe a buɗe a tarar ya kama, da kaurinsa da ɗan tsaminsa. Yogot na kamfani ma haka ake yin sa, illa dai shi da ƙwayoyi biyu sanannu ake yi: Streptococcus thermophilus da Lactobacillus bulgaricus. Ƙa'idar abinci ta duniya ta ce yogot na gaske ya ƙunshi aƙalla ƙwayoyi masu rai miliyan 10 a kowane giram. Ke nan kofi ɗaya mai giram 200 yana ɗauke da biliyan 2 ko fiye. Shi kuwa kindirmo gauraye ne: ana samun dangin Lactobacillus da Lactococcus da Leuconostoc har da yis a cikinsa, kuma na wannan ruga ba ya zama daidai da na waccan.

To mene ne haɗin abin da aka haɗiya da garkuwar jiki? Mutane da yawa sun ɗauka garkuwa a cikin jini kaɗai take. Gaskiyar ita ce hanji yana cikin manyan wuraren da jiki ke tara ƙwayoyin kariyarsa, kuma akwai dalili. Idan aka shimfiɗa bangon hanjin babban mutum, faɗinsa ya kai wajen murabba'in mita 30, kuma abin da ya raba cikin hanji da naman jiki layi ɗaya ne tak na ƙwayoyin halitta, da yauƙi a samansa. A cikin wannan hanji akwai bakteriya kimanin tiriliyan 38, galibinsu a babban hanji. Duk abin da yaro ya kai baki, tuwo ne ko ƙasar tsakar gida, ta nan zai bi. Dole jiki ya riƙa tantancewa dare da rana: wannan abinci ne a bar shi, wannan ƙwayar gida ce a zauna lafiya da ita, wannan kuwa ta taifot ce ko kwalara a far mata.

Wannan tantancewa ba a haifar yaro da ita a kammale, koyon ta yake yi, kuma bakteriya ne ke koya masa. Masu bincike sun tabbatar da haka da ɓerayen da ake haifa a raina su a cikin akwatunan da ko ƙwaya ɗaya ba ta shiga. Irin waɗannan ɓeraye suna tashi da garkuwar hanji wadda ba ta nuna ba, kuma cutar da ɓera na yau da kullum zai shanye, su sai ta kayar da su. Idan aka sa musu bakteriya, garkuwar ta fara ginuwa.

Ga yadda abin ke gudana idan yaro ya sha kindirmo. A bangon ƙaramin hanji akwai wasu 'yan tudu-tudu na ƙwayoyin kariya da ake kira da sunan Peyer, likitan ƙasar Suwizalan da ya bayyana su. A saman kowane tudu akwai ƙwayoyin halitta na musamman da aikinsu shi ne su ɗebo samfurin abin da ke wucewa su miƙa shi ciki. Can ciki wasu ƙwayoyin masu rassa suna karɓa, su karanta alamomin da ke jikin bangon bakteriyar, sannan su sanar da sauran abin da za a yi. Idan alamar ta mai cuta ce, sai a tayar da kumburi da zazzaɓi. Idan ta irin ƙwayoyin nono ce, saƙon yakan zama mai sanyi: a ƙara fitar da wani sinadarin kariya mai suna IgA, wanda ke zuba cikin yauƙin hanji yana manne wa ƙwayoyin cuta ya hana su kama bango, a kuma ƙarfafa ƙwayoyin da aikinsu shi ne kwantar da kumburi. Babban mutum yakan fitar da giram 3 zuwa 5 na IgA a hanjinsa kowace rana, fiye da kowane irin sinadarin kariya a jiki. Kuma ƙwayoyin kariyar da aka horar a hanji ba sa tsayawa a nan, suna shiga jini su je su sauka a wasu wurare masu yauƙi, har da hanci da maƙogwaro. Ta wannan hanya ce ake bayanin yadda abin da aka sha zai iya taɓa mura.

Akwai kuma taimakon da bai bi ta garkuwa kai tsaye ba. Asid ɗin da suke fitarwa yana takura wa ƙwayoyin cuta, suna gasa da su wajen abinci da wurin zama, wasunsu ma suna fitar da gubar da ke kashe abokan hamayya. Lactococcus lactis, alal misali, tana yin wani sinadari mai suna nisin da kamfanoni ke amfani da shi wajen adana abinci. Wasu kuma suna sa bangon hanji ya ƙara yauƙi ya kuma matse 'yan ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyinsa.

Ki lura da abu ɗaya a nan, domin talla ba ta faɗinsa. Garkuwar da ta yi zafi da yawa ita ma cuta ce. Asma, da ƙurajen ƙaiƙayi na jarirai, da wasu cututtukan kumburin hanji, duk garkuwa ce ta far wa abin da bai kamata ba. Abin da ake so shi ne garkuwa mai sanin lokacin tashi da lokacin kwanciya, kuma mafi yawan abin da aka ga ƙwayoyin nono suna yi a wannan ɓangare ne na daidaitawa.

Yanzu ga inda ake yawan wuce gona da iri. Kafin ƙwayoyin su kai hanji sai sun ratsa asid ɗin ciki da ruwan maɗaciya, kuma da yawa a nan suke mutuwa. Madarar tana ɗan kare su domin tana rage kaifin asid ɗin, shi ya sa nono ya zama abin hawa mai kyau gare su. Duk da haka, ƙwayoyin yogot biyun nan da na ambata ba su da juriya sosai. Waɗanda suka tsira kuma ba sa kafa gida. Kamar fatake suke: su sauka a zango, su yi ciniki da mutanen gari, su kwana biyu su yi gaba. Idan aka daina sha, cikin 'yan kwanaki zuwa mako ɗaya ko biyu ba a ƙara ganinsu a bayan gida. A shekarar 2018 masu bincike a Cibiyar Weizmann ta Isra'ila suka zura na'ura cikin hanjin mutane suka duba kai tsaye, suka tarar wasu mutanen hanjinsu yana barin baƙin su ɗan zauna, wasu kuwa sam ba ya karɓar su. Saboda haka kofi ɗaya ranar Juma'a ba zai yi wani abu ba, kuma abin da ya yi wa ɗan maƙwabciya aiki ba lallai ya yi wa naki ba.

Tunanin cewa ƙwayoyin nono suna amfanar lafiya ya girmi shekara ɗari. Élie Metchnikoff, masanin Rasha da ya yi aiki a Cibiyar Pasteur ta Faris, wanda ya samu kyautar Nobel a 1908 kan binciken garkuwar jiki, shi ne ya yaɗa ra'ayin cewa tsawon ran manoman Balgeriya daga shan nono mai tsami yake. Hujjarsa ba ta da ƙarfi, amma ya buɗe ƙofa. A 1930 Minoru Shirota a Japan ya ware wata ƙwaya mai jure asid ɗin ciki, wadda da ita aka fara sayar da abin shan madara mai suna Yakult a 1935. Sai a 2001 ƙwararrun Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Noma suka tsayar da ma'anar furobayotik: ƙwayoyi masu rai waɗanda idan aka sha su da isasshen yawa suke amfanar lafiya. Sharaɗin shi ne a san ƙwayar takamaimai, a kuma gwada ta a kan mutane.

Me gwajin ya nuna? Wanda ya fi kusa da tambayarki an yi shi a Helsinki ta ƙasar Finlan, aka buga a 2001. Yara 571 'yan shekara 1 zuwa 6 a gidajen raino, aka ba rabinsu madara mai ɗauke da ƙwayar Lactobacillus rhamnosus GG, rabi kuma madara zalla, na tsawon wata bakwai na sanyi. Masu shan ƙwayar sun yi fashin kwana 4.9 saboda rashin lafiya, sauran kwana 5.8. Bambancin kusan kwana ɗaya ke nan a wata bakwai, kuma da aka yi la'akari da shekarun yaran sai ya ƙara raguwa. Sauran gwaje-gwajen mura da aka tattara daga baya kusan haka suke nunawa: ana samun sauƙi, amma ɗan kaɗan. Ni ban raina kwana ɗaya ba, duk uwar da ta kwana zaune da yaro mai zazzaɓi ta san darajarsa. Sai dai ya kamata ki san girman abin da kike saye.

Inda hujja ta fi ƙarfi shi ne gudawar da ke biyo bayan shan antibayotik. Waɗannan magunguna ba sa bambance ƙwayar cuta da ta gida, sukan share hanji. Wani nazarin 2019 na Cochrane, ƙungiyar da ke tattara binciken lafiya, da ya haɗa gwaje-gwaje da dama a kan yara ya samu gudawa a kashi 8 cikin ɗari na waɗanda aka ba furobayotik, da kashi 19 na waɗanda ba a ba ba. Amma yawanci zaɓaɓɓun ƙwayoyi ne aka bayar da yawa, biliyan 5 zuwa sama a rana, ba yogot na kanti ba. A ɗaya ɓangaren kuma, manyan gwaje-gwaje biyu a Amurka da Kanada a 2018, kowanne da yara kusan 900 ko fiye da aka kai asibiti da amai da gudawa, sun nuna furobayotik bai rage tsawon ciwon ba ko kaɗan. Wannan sakamako ya sa likitoci da yawa sun sauya shawara.

Akwai wani bincike da nake ganin ya fi dacewa da irin cimarmu. A Jami'ar Stanford, a 2021, aka raba manya 36 gida biyu. Rukuni ɗaya aka sa su cin abinci mai tsami na gargajiya, yogot da dangoginsa na madara da na ganye, har sau shida a rana, na mako 10. Ire-iren bakteriyar hanjinsu suka ƙaru, kuma sinadarai 19 masu alaƙa da kumburi suka ragu a jininsu. Abin sha'awa, yawancin sababbin ƙwayoyin da suka bayyana ba na cikin abincin ba ne. Mutum 36 kaɗan ne, ba a gina hukunci a kansu, amma ya yi daidai da abin da aka sani: amfanin yana zuwa ne daga ci a kai a kai.

Hukumomi ma sun yi taka-tsantsan. Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta duba ɗimbin iƙirarin kamfanoni na cewa ƙwayoyinsu suna ƙarfafa garkuwa, ba ta amince da su ba. Wanda ta karɓa a 2010 shi ne cewa yogot mai rai yana taimaka wa masu wahalar narkar da laktos. A wannan shekarar kuma kamfanin yogot na Dannon ya amince ya biya dala miliyan 21 a Amurka kan tallan da ya zarce hujjarsa. Shi batun laktos ya shafe mu sosai. Fulani da yawa suna narkar da madara har girmansu, amma Hausawa da dama in suka sha ɗanyar madara sai kumburin ciki da ƙugi, alhali kindirmo ba ya damunsu. Dalili shi ne ƙwayoyin sun riga sun cinye wani kaso na laktos ɗin, kuma suna shiga hanji da sinadarin da ke narkar da saura.

To kindirmo ko na kanti? A ƙa'idance ba za a kira kindirmo furobayotik ba, tunda ba a tantance ƙwayoyinsa ɗaya bayan ɗaya an gwada su a kan mutane ba. Wannan bai rage masa daraja a idona ba. Abinci ne mai rai, ga furotin ga sinadarin ƙarfafa ƙashi, kuma yaron da ya ƙoshi da abinci mai gina jiki garkuwarsa ta fi ta wanda ke fama da tamowa nesa ba kusa ba. In aka dama shi da fura ma ya fi, domin dusar gero abinci ce ga ƙwayoyin da ke zaune a babban hanji, su kuma suna mai da ita wasu sinadarai da bangon hanji ke rayuwa da su, masu kwantar da kumburi.

Damuwata a kan tsafta take. Nonon da aka kwantar daga ɗanyar madara yana iya ɗauke da ƙwayar bakkale, cutar da ke sa shanu ɓari, wadda a jikin mutum take zama zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi, har a yi ta shan maganin maleriya a banza. Yana iya ɗauke da tarin fuka na shanu. Tsami yana rage waɗannan ƙwayoyi amma ba a dogara da shi ya gama da su, wuta ce ke kashe su. Bayan haka akwai ruwan da ake ƙarawa don nono ya yi auki, da ƙanƙarar da ba a san ruwan da aka yi ta da shi ba, da ludayin da ke yawo daga ƙwarya zuwa ƙwarya. Yaro zai iya samun gudawar daga abin da aka ba shi don ya hana ta. Ki samu mai nono guda wadda kika yarda da ita, ki tambaye ta kai tsaye ko tana dafa madararta, ki sayi kindirmo mai kauri wanda ba a sirka ba, ki dama da ruwan gidanki.

Na kanti shi ma sai an duba. Duk yogot ɗin da kika gani a kan kanta ba a firiji ba, da wa'adin watanni a jikinsa, an dafa shi bayan ya kama, ƙwayoyinsa sun mutu. Abin sha ne kawai. Mai rai yana cikin sanyi, wa'adinsa 'yan makonni ne, kuma yawanci an rubuta sunan ƙwayoyin a jiki. Ki duba lambar NAFDAC, ki guji robar da ta kumbura, ki kuma kula da sukari, domin wasu zaƙinsu ya kusa na lemon kwalba. Inda wuta ke yawan ɗaukewa, yogot ɗin da ya yi ɗumi ya sake sanyi sau da yawa ƙwayoyinsa suna raguwa.

Akwai waɗanda ba a yi musu gaban kai. Jaririn da bai kai wata shida ba nonon uwa kaɗai, ba kindirmo ba yogot. Nonon uwa yana zuwa da IgA nasa, daƙashi ma ya fi yawa, yana kuma ciyar da ƙwayoyin Bifidobacterium da suka dace da hanjin jariri. Bakwaini, da mai shan maganin ciwon daji, da wanda garkuwarsa ta faɗi ƙwarai, ba a ba su furobayotik na kwalba ko na ƙwaya sai da izinin likita, domin a jikinsu ƙwaya mai amfani ma tana iya shiga jini. A Holan, a wani gwaji da aka buga a 2008 kan masu matsanancin kumburin fankiriyas (wata gaɓa a ciki da ke taimakawa wajen narkar da abinci), kashi 16 cikin ɗari na waɗanda aka ba furobayotik sun rasu, a ɗaya rukunin kashi 6. Mai ɗauke da HIV zai iya shan yogot na dafaffiyar madara a matsayin abinci, amma kada wani ya ruɗe shi ya ajiye maganinsa.

Game da yaranki, ƙaramin yaro ya yi mura sau shida zuwa takwas a shekara ba alamar raunin garkuwa ba ne, haka take koyon aikinta, kuma a gida mai yara uku ɗaya na warkewa ɗaya na ɗauka. Gudawar ce ta fi buƙatar a bi sawunta: ruwan sha, wanke hannu da sabulu bayan bayan gida da kafin cin abinci, da katin rigakafi, musamman tunda an sa rigakafin rota, ƙwayar cutar da ke sa yara gudawa, cikin jerin na yara a Najeriya tun 2022. In gudawa ta zo, maganinta ruwan gishiri da sukari na ORS da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da ba shi abinci, kindirmo mai tsafta ma yana ciki. In kika ga jini a kashin, ko idanu sun faɗa, ko yaro ya kasa sha, ko gudawar ta kai mako biyu, ko yana ramewa, asibiti za a nufa ba tare da jira ba.

In kina son ki huta da zullumi, ki riƙa yi da kanki. Ki tafasa madarar shanu, ko ki dama ta gari da tafasasshen ruwa, ki bar ta ta huce har ki iya ɗiga ta a bayan hannunki ki ji ɗumi ba ƙuna ba, wajen digiri 43 ke nan. In ta fi haka zafi za ta kashe irin. Ki zuba cokali biyu na yogot mai rai marar sukari a kowace lita, ki juya da cokali mai tsafta, ki rufe ki naɗe da zane, ki ajiye inda ba za a motsa shi ba na awa shida zuwa takwas. Da ya kama ki sa a firiji, ko a randa in za a shanye a ranar. Ki ɗebi irin gobe kafin yara su sa hannu, kuma bayan zagaye huɗu ko biyar ki sayo sabon iri, domin a hankali wasu ƙwayoyin daga iska da kwano suna shiga su canza shi. Ƙaramin kofi ɗaya a rana ya ishi kowane yaro da ya wuce shekara ɗaya, wanda ke tsakanin wata shida da shekara kuma 'yan cokula a cikin kununsa, tare da nonon uwa.